Wa Ke Cin Wa? Daga Ganye Zuwa Akushi

 Barkanku da aiki, manoman Funtuwa da Malumfashi. Na gaida na Bakori da Ɗanja da Ƙafur. Na gaida na Ɗandume da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara. Malam da ke gona, ka rataye rediyonka a reshe, sannu da rana. Uwargida da ke gindin murhu, sannu da hayaƙi.

Yau zancen abinci za mu yi. Amma kafin mu tafi gona, ina so kowa ya leƙa akushinsa na daren jiya.

A ce tuwon masara ne da miyar kuka. To, mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Tuwo, masara ce. Kuka, ganye ne. Daddawa, kalwa ce, 'ya'yan ɗorawa. Barkono da albasa, ba sai an faɗa ba. Wani zai ce, to man shanun da aka zuba fa? Man shanu daga nono ne, nono daga saniya, saniya kuwa ciyawa ta ci. 'Yar tsokar da maigida ya tsinta a ƙasan miya fa? Tunkiya ce, harawa da dusa suka gina ta. Ku duba da kyau. A akushin nan duka, ruwa da gishiri da 'yar kanwa ne kaɗai ba daga tsiro suka fito ba. Sauran duka, in ka bi sawunsu, a jikin ganye za ka tsaya.

Ku riƙe wannan, don za mu yi ta komawa kansa. Duk abin da muke ci, daga ganye ya faro.

To, kashi na farko. Me ya sa sai ganye?

Saboda a cikin abubuwan da ke gonarku, tsiro ne kaɗai ke dafa abincinsa da kansa. Saniya ba ta iya ba. Kaza ba ta iya ba. Ni da ku ma ba mu iya ba, mu dai a ba mu mu ci. Shi kuwa tsiro, ikon Allah, kowane koren ganye a jikinsa madafa ce. Saiwa ta jawo ruwa daga ƙasa. Ganye ya shaƙi iska, irin wadda muke fitarwa in mun numfasa. Hasken rana shi ne wutar murhun. In abubuwan nan uku sun haɗu a cikin koren ganye, sai a sami sukari. 'Yan makaranta na kiran wannan aiki fotosintesis. Ku bar musu sunan, ku ɗauki ma'anar: girki da hasken rana.

Wanda ya taɓa shan rake ko takanɗa ya ɗanɗani wannan sukari da bakinsa. A jikin masara da dawa, sukarin ne ke taruwa ya daskare ya zama ƙwaya. A jikin rogo da dankali, ƙasa yake gangarawa. A jikin gyaɗa da riɗi, mai yake komawa. Kuma a wajen girkin nan ganye ke sako mana iskar da muke shaƙa mu rayu, kyauta, ba ko sisi.

Ga ɗan tsokaci ga masu zagar karmami. Na san tumaki na kuka a gida. Amma in ka zage ganyen dawa tun ƙwaya ba ta cika ba, madafar ka rushe alhali tukunya na kan wuta. Zangarniya za ta fito, sai dai ba nauyi. Ka jira ido ya nuna, sannan ka zaga.

Mu shiga kashi na biyu. Wa ke cin wa?

Ga dawa a gona. Fara ta sauka ta ci ganye. Ƙadangare ya cafke farar. Shaho ya kawo sura ya ɗauke ƙadangaren. Kun ga jeri? Dawa, fara, ƙadangare, shaho. Kowa na rataye da na ƙasa da shi, kamar zoben sarƙa. Shi ya sa masana ke ce masa sarƙar abinci.

Mu je madatsar ruwa ta Mairuwa. Gansakuka ce a ruwa, koriya, ita ma da hasken rana take girki. Ƙananan ƙwari da 'yan kifaye su ci ta. Tarwaɗa ta haɗiye 'yan kifayen. Masunci ya kama tarwaɗa, uwargida ta yi farfesu. Nan ma sarƙa ce, nan ma kore ne a gindinta.

Kada ku ɗauka sabon ilimi ne. Tun ƙarni na 9, wani malami a Basra ta ƙasar Iraƙi, Al-Jahiz, ya yi bayanin yadda dabba ke rayuwa da cin wata dabbar a littafinsa Kitabul Hayawan. A 1927 wani Bature ɗan Ingila, Charles Elton, ya tsara zancen ya zama darasi. Sai a 1942 aka wallafa binciken wani matashin masani a Amurka, Raymond Lindeman, wanda ya zauna a bakin wani ɗan tafki yana awo. Tambayarsa ita ce, in wannan ya ci wancan, nawa ne ke wucewa, nawa ne ke salwanta?

Amsar da masana suka tsaya a kai daga baya ita ce, a ƙiyasi, kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai na ƙarfin abinci ke hayewa daga wannan zobe zuwa na gaba. Kashi 10 cikin 100. Ƙiyasi ne, yakan ɗara, yakan gaza. To sauran fa, ina suka tafi?

Tambayi mai kiwon ragon layya. Wata huɗu, wata biyar kana ɗura masa harawa da dusa da kowa da angurya. Ka tara duk abin da ya ci wuri guda, ai ya ninka nauyinsa sau da yawa. Ina abincin ya shiga? Wani ya ƙone a jikinsa don ya yi ɗumi. Wani ya tafi a tsalle da tunkuyi da kuka. Wani ya fita kashi. Ɗan abin da ya rage shi ne ya zama tsoka da kitse.

Wannan ne dalilin da ya sa nama ya fi wake tsada, jiya da yau da gobe. Wannan ne dalilin da ya sa fara ke da yawa, ƙadangaru ba su kai ta ba, shaho kuwa ɗaya ko biyu za ka gani suna shawagi a kan gari guda. Gindi faɗi, sama tsini, kamar tarin dawa a masussuka. In gindin ya tsuke, na sama ne ke fara faɗowa. Kuma jama'a, mu ne a sama.

Na ce sarƙa, amma gaskiya ta fi kama da komar masunci. Kaza na cin tsaba, tana cin gara, tana cin fara. Mu ma muna cin dawa, muna cin kazar, kuma in an soya farar da yaji ba ma ƙi. Zare ya shiga zare. Ka ja nan, can ya motsa.

Akwai kuma ma'aikatan ƙarshe, waɗanda ba a so a ambata ana cin abinci. Gara, da buzuzu, da tana, da gwazarmar juji, da wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Su ke cinye abin da ya mutu, da kashin dabba, da ruɓaɓɓen kara. Su mai da shi ƙasa. Saiwa ta sake zuƙewa. Shi ya sa takin da ka kwasa daga turke zuwa gona a kan jaki ko amalanke, abincin bara ne ka mayar wa ƙasa. Iyayenmu sun san wannan. Da an gama girbi, makiyayi ya sauka a gona, shanu su ci kara su bar taki, kowa ya amfana. Rashin zaman lafiya ya yi wa wannan tsohuwar hulɗa illa a wurare da dama, Allah Ya kawo mana sauƙi. Amma ko ba shanu, wanda ya tara karansa ya cinna wuta, ya sani abincin gonarsa ne ke tashi sama.

Wake da gyaɗa da waken suya kuma suna da wata baiwa. Ka tuge ɗaya ka dubi saiwar. Za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle. A cikinsu akwai ƙananan halittu da ke kamo sinadarin naitirojin daga iska, shi ne dai sinadarin da kake saye a buhun yuriya. Tsohon da ya ce a sa wake a tsakanin dawa, bai shiga aji ba, amma lissafinsa daidai ne.

Masu sauraro, in yanzu kuka kama tasharmu, zancen sarƙar abinci muke yi, wato wa ke cin wa, kuma mun ce komai daga ganye ya faro. Yanzu kashi na uku, kuma nan ne zan fi daɗewa. Tsirran da ba mu shuka ba.

Dattawan da ke sauraro za su shaide ni. A da, masara ba abincin gandu ba ce a ƙasar nan. 'Yar bayan gida ce, a gasa a ci da damina. Dawa ce uwar rumbu, auduga ce kuɗi. Sai a 1975 aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, lokacin muna cikin tsohuwar jihar Arewa ta Tsakiya. Shirin ya haɗa har da Malumfashi. Aka kawo takin zamani, da sabon iri, da hanyoyin karkara. Masara ta samu ƙasar da take so, ta bazu. Yau ka je kasuwar Ɗandume da kaka, ka ga buhuna kamar duwatsu, manyan motoci na lodi zuwa kudu da arewa. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya kuma ba ta fasa fito da sabon iri ba. Wannan arziki ne, ba mai musu, mun gode Allah.

Sai dai idonmu ya koma kan buhu kaɗai. In an tambayi manomi me gonarsa ta ba shi, sai ya ce buhu kaza. Ba ya lissafa tafasar da ta fito a bakin kunya. Ba ya lissafa lalo, da gasaya, da yaɗiya da ke hawa shinge. Ba ya lissafa rama da yakuwar da uwargida ta yafa a gefe. Ba ya lissafa kukar da ke tsakiyar gona, da ɗorawa, da kaɗanya, da tsamiya, da ɗinya, da kanya. Ba su shiga buhu, don haka ba su shiga lissafi.

Amma ku tambayi iyayenmu mata. Su ke da wannan lissafin.

Ku tuna watan Agusta, tsakiyar marka. Rumbu ya yi ƙasa. Sabon amfani bai nuna ba. Kuɗi sun tafi a taki da 'yan ƙwadago. A wannan lokaci me ke riƙe gida? Ganye. A tsinko tafasa, a dafa, a matse, a daka ƙuli-ƙuli, a yanka albasa, a yi kwaɗo. Yaro ya ci ya sha ruwa ya kwanta. Ina ƙarami, kakata kan aike mu da ƙwarya bayan gari, kafin ta gama hura wuta mun ciko ta. Ba wanda ya shuka, ba wanda ya yi mata noma. Waɗanda suka ga farin 1973 kuwa, sun san akwai gidajen da ganyen daji da garin ɗorawa ne suka tsallakar da su.

Kuma kada a ce abincin talauci ne. Tuwon masara na ba da ƙarfi, amma shi kaɗai ba ya gina yaro. Ganyen kuka na da sinadarin ƙarfafa ƙashi da na ƙarin jini. Garin 'ya'yan kuka na da bitamin C mai yawa, mai taimakon jiki wajen kare kansa. Zogale na da bitamin A, abokin ido. Daddawar kalwa na da sinadarin gina jiki irin wanda ake nema a nama. Wato tuwo ne ke cika ciki, miya ce ke gina jiki. Zan maimaita don uwargida mai goyo: tuwo ke cika ciki, miya ke gina jiki. In ana ba yaro, a yawaita masa miya.

To yau ina tafasar? Ku fita da damina ku duba gonakin da ke bakin hanyar Funtuwa zuwa Bakori. Kunya fes, ba ko ɗan kore sai masara. Maganin feshi ne. Ban zo in zagi feshi ba. Na san kuɗin ɗan ƙwadago, na san ciwon baya. Amma maganin ciyawa ba shi da ido. Bai san wannan tafasa ce, wannan lalo ne, wannan ƙaya ce ba. Duk kore a wurinsa abokin gaba ne. Malam ya huta da noma, uwargida ta koma sayen ganye a kasuwa, ganyen da uwarta ke tsinka kyauta. In za a yi lissafin ribar feshi, a cire kuɗin cefanen nan tukuna.

Ni dai a ganina, ba asara ba ce manomi ya bar taku biyu ko uku a bakin gonarsa ba feshi. Ba asara ba ce a ware wa uwargida kunya biyu ta rama da yakuwa da kuɓewa. Sannan gargaɗi: gonar da aka fesa, kada yara su tsinko ganye a cikinta. In kin aiki yaro, ki gaya masa gonar da zai shiga.

Itatuwa kuma sun fi ban tausayi. Ɗorawa kan yi shekaru kafin ta fara 'ya'ya, mai injin yanka kuwa kafin azahar ya kwantar da ita. Ana cewa inuwarta na hana masara. Gaskiya ne, tana ragewa a ƙarƙashinta. Amma ɗorawa guda na ba da gari, ta ba da kalwa, ta ba da makuba ta shafen gini, ta zubar da ganye ya zama taki, shekara da shekaru, ba ta taɓa neman buhun taki ba. Wanda ke da gawo a gona ma ya fi kowa sa'a. Shi da damina yake kakkaɓe ganyensa ya bar wa shuka rana, da rani ya yi kore ya zubo wa dabbobi 'ya'ya.

Wani tsiro ɗaya ne ba zan roƙa masa arziki ba. Wuta-wuta, wasu su ce ƙuduji. Shi maƙale wa saiwar dawa da masara yake yi yana zuƙe abin da suka dafa. Tsiro guda na zubar da iri dubbai, kuma irin kan yi fiye da shekara 10 a ƙasa yana jira. Ga inda auduga da waken suya ke da rana. Saiwarsu na yaudarar irin wuta-wuta ya tsiro, ya nemi wurin kamawa ya rasa, ya mutu. Don haka mai juya gona, bana masara, baɗi waken suya ko auduga, yaƙi yake yi ba da sanin maƙwabci ba. In kuma kun ga ya yi fure, a tuge kafin ya zuba iri. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi ma gonar da ta gaji yake fi kamawa.

Kashi na huɗu. Ma'aikatan da ba ma biya.

Wa ya san mai yi wa kuka barbara? Furen kuka fari ne, yana lilo, da almuru yake buɗewa. Jemage yake jira. Jemage ya zo shan zaƙin fure, ƙurar fure ta manne masa a gashi, ya kai wa wata kukar. Haka ma jajayen furannin ɗorawa da ƙarshen rani, jemage na daga cikin manyan masu yi musu wannan hidima. Yaran da ke harbin jemage da danƙo, a gaya musu, daddawar miyarsu suke harbi.

Kudan zuma kuma shi ke bin furen kaɗanya da kabewa da kankana da riɗi. Masara ba ruwanta, iska ke yi mata. Amma kayan miya da na marmari da yawa, sai da ƙwaro. Shi ya sa ake cewa in dole sai an fesa maganin ƙwari, a bari sai yamma, lokacin da zuma ta koma amya, kuma a guji fesa shukar da ke tsakiyar fure.

Tun 2016 tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta shigo mana daga nahiyar Amurka. Kowa ya ji a jikinsa. To kun san tana da masu cin ta? Tururuwa na cin ƙwanta da ƙananan. Tsuntsaye na tsince ta. Rina na farautar tsutsa ta kai wa 'ya'yanta. Ku dubi ɗakin zanzaro a bangon zaure. In ya fashe, me kuke gani a ciki? Tsutsotsi ne ya jera wa 'ya'yansa. Feshin da aka yi ba awo, ba lokaci, yakan kashe mafarautan nan tare da tsutsar. Tsutsa kuwa ta fi su saurin hayayyafa. Sai ta dawo ta tarar da gona ba mai gadi.

Ƙasar Sin ta ɗanɗana wannan. A 1958 hukuma ta ba da umarni a kashe gwara, wai tana cin hatsi. Aka kashe miliyoyi. Ashe gwara na cin ƙwari ma. Ƙwari suka samu sake, suka auka wa gonaki, abin ya ƙara wa babbar yunwar da ta biyo baya muni. A 1960 dole aka janye umarnin. Ban ce a bar jan-baki ya cinye dawa ba, a'a, a kore shi. Amma ba kowane tsuntsu ne ɓarawo ba.

Sai mujiya, baiwar Allah. Ba wanda aka tsana kamarta. Ta sauka a kan katanga a bi ta da jifa. Alhali a dare guda takan cinye ɓera fiye da ɗaya, ɓeran nan da ke huda buhunka. Muna korar mai gadi muna sayen maganin ɓera, kaza ta ci gawar ta mutu, kyanwa ta ci ta mutu. Kuma ina tambaya, yaushe rabonku da ganin ungulu a mahauta? Ita ce mai share mushe kafin ya zama cuta. Ta tafi, ba wanda ya yi cigiya.

To, kashi na biyar, na ƙarshe. Sarƙar nan ba abinci kaɗai take ɗauka ba. Duk abin da aka zuba a gindinta, tana hawowa da shi sama. Kuma mun ce wa ke sama? Mu.

Akwai magungunan ƙwari da ba sa narkewa da wuri. Su shiga ruwa, su shiga ƙaramin kifi, babban kifi ya ci ƙanana ɗari ya tara gubar ɗari a kitsensa. Mutum ya ci babban. Wanda ke zuba maganin gamalin a rafi don ya kwashi kifi, a tukunyar gidansu yake zubawa.

Haka wake. Ɗan kasuwa na tsoron ƙwaro, sai ya yayyafa maganin fiya-fiya a buhu ya ɗinke. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan irin wannan magani da aka samu a ciki. Su sun auna sun ƙi. Mu wa ke auna mana na ƙosai da alala? Ga shi kuwa akwai mafita. Buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ake kira PICS, ko jarka, ko duro mai murfi. A cika, a toshe, iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu da kansa. Ba digon magani. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: mu masu saye, mu daina raina wake don mun ga ƙwaro biyu, muna rububin wanda ko ƙuda ba ya sauka a kansa.

Sai gubar da ba mutum ya zuba ba. Masara ko gyaɗar da aka adana da danshi takan yi fumfuna. Wata fumfunar na fitar da guba mai suna afilatoksin, mai lalata hanta, mai hana yaro girma. Dafuwa ba ta kashe ta. A ƙasar Kenya a 2004, mutum 125 suka rasu bayan cin irin wannan masara. Ku saurara da kyau a nan. Mukan tsince ruɓaɓɓiyar masara mu ce a ba dabbobi. To in saniya ta ci, wani ɓangaren gubar na fitowa a nononta. Nonon ya shiga fura. Furar ta shiga cikin yaro. Ka fitar da ita ta ƙofa, ta dawo ta taga. Masarar da ta yi fumfuna, ba mutum, ba dabba. A binne ta.

Maganin abin shi ne bushewa. A shanya a kan tamfol ko daɓe, kada a zube a ƙasa tsirara. A jera buhu a kan katako, kada ya jingina da bango. Yaya za ka san masararka ta bushe? Ga gwajin da ba ya cin kuɗi. Ka nemi kwalba busasshiya. Ka zuba masara kamar kashi ɗaya cikin uku. Ka ƙara gishiri busasshe cokali biyu, wanda aka shanya a rana ko aka ɗan soya. Ka rufe, ka girgiza sosai, ka ajiye kamar minti 15, ka sake girgizawa. Sai ka ɗaga kwalbar ka duba. In gishiri ya manne a jikin kwalba, da sauran danshi, a mayar da masara rana. In gishirin na zuba war-war bai kama ko'ina ba, to a ɗinke buhu.

Zan sake faɗa don wanda ya fita ya dawo. Kwalba busasshiya. Masara kashi ɗaya cikin uku. Gishiri cokali biyu. A girgiza, a jira, a sake girgizawa. Ya manne, a koma shanya. Bai manne ba, a ɗinke.

Agogo ya ce mu tsaya nan. Sai mako mai zuwa war haka, in Allah Ya kai mu. Na gona, Allah Ya ba da damina mai albarka. Uwargida, a duba tukunya kada ta kama.